Taya Ni Saukewa

A Dutse Uku, kamar sauran unguwannin Jos da suka haye kan duwatsu, kaya da yawa a ka suke ƙarasawa gida. Keke na tsayawa inda hanya ta ƙare, sauran tafiyar ta ƙafa ce. Daron ruwa, buhun gawayi, kwandon tumatir da aka saro daga Farin Gada, duk a kan gammo suke hawa. Mai wucewa kan ga mace tana hawa da kaya ya ce mata sannu, don a ganinsa nan wahalar take. Waɗanda suka saba ɗauka kuwa sun san inda ake jin ciwo shi ne wajen saukewa. Shi ya sa matar da ta iso ƙofar gida da daro cike ba ta tunkuɗe shi, komai gajiyarta. Tana tsayawa ta ɗaga murya: "Wa ke ciki? A zo a taya ni saukewa." Wani ya fito ya kama bakin daron, ita ta ɗan durƙusa, kayan ya bar ka ya sauko ƙirji, daga ƙirji ya zo gwiwa, sannan ya taɓa ƙasa.

Dalilin wannan a wuya yake. Tun daga bakin rijiya wuyan yake tura nauyin sama, jijiyoyi sun ɗaure, baya ya sandare. Da wani zai fizge kayan farat ɗaya, ƙarfin nan da yake turawa zai rasa abin da zai tokara, kai ya fizgu, wuya ya ƙage. Wanda ya fizge ɗin ma da niyyar taimako ya yi.

Haka giya take zaune a kan mutumin da ya yi shekaru yana sha kullum. Barasa aikinta danne ƙwaƙwalwa. Tana ƙara wa sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi ƙarfi, wanda likitoci ke kira GABA, tana kuma rage wa wanda ke zaburar da su, wato gulutamet. Daga nan ne sanyin jiki da nauyin harshe da tangaɗi suke zuwa. Ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta ta zauna haka. In abin ya zama na yau da gobe sai ta fara turawa sama: ta rage jin abin da ke kwantar da ita, ta ƙara wa mai zaburarwa kaifi, don dai mutum ya iya tashi ya je wurin aiki. Wannan ne ya sa wanda a da kwalba biyu ke kayar da shi, yau zai sha shida ya miƙe garau, abokai suna yaba masa wai kansa na da ƙarfi. Kan nan ba ƙarfi ya yi ba, sandarewa ya yi a ƙarƙashin kaya. Ranar da aka ɗauke giyar gaba ɗaya, turawar ba ta tsayawa nan take. Tana ci gaba, kuma babu abin da ke tare ta.

Abin yana da tsarin lokacinsa, likitoci sun daɗe da saninsa. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe hannu ke fara rawa, zufa ta karyo ko da a sanyin Disamba ne, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga tashin zuciya da amai da fargabar da mutum bai san dalilinta ba. Barci ya ƙi zuwa. A cikin kwana biyun farko ne jijjiga irin ta farfaɗiya kan zo, ko ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga mafi munin hali: mutum ya rikice, bai san inda yake ba, bai gane matarsa ba, yana gane-gane, yana kakkaɓe ƙwarin da babu su daga jikinsa, jiki ya yi zafi, jini ya hau. Wani likitan Ingila, Thomas Sutton, shi ya raɗa wa wannan hali sunan da ake kiransa da shi a asibiti, delirium tremens, tun 1813. Ba kowa ke kaiwa nan ba. Kusan mutum 1 ne cikin 20 na waɗanda alamomin dainawa suka kama. Amma wanda ya kai, in ba a kai shi asibiti ba, yana iya rasa ransa. A cikin kayan maye da aka saba da su, giya na cikin 'yan kaɗan da barinsu kwatsam kan yi kisa. Mai barin taba yakan sha wuya, mai barin wiwi yakan rasa barci, amma ba a jin sun mutu don sun daina.

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita hujja. Mai shan ranar Asabar kawai, ko wanda kan yi kwana uku, huɗu bai kurɓa ba kuma jikinsa lafiya lau, babu kaya irin wannan a kansa. Ya daina yau, babu abin da zai same shi sai alheri. Maganar ta wanda ke tashi da asuba hannu na karkarwa ce, wanda ba ya iya ɗaura maɓallin riga ko riƙe kofin shayi sai ya leƙa wurin mai sayarwa. Su da kansu suna faɗa: "In ban ɗan sa wani abu da safe ba, jikina ba ya warwarewa." Duk wanda ya kai ga faɗin haka, jikinsa ya riga ya shiga lissafin giya.

To ga yadda abin yake faruwa a gidajenmu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana abu ya kai maƙura. Ko an tsinto mutum a kwata, ko matarsa ta haɗa kayanta, ko an sallame shi daga aiki. 'Yan'uwa su taru. Babban wa ya yi faɗa, uwa ta yi kuka, shi kuma cikin kunya ya ce, "Yaya, na rantse daga yau na daina. Mama, ki yafe mini." Kowa ya ji daɗi. A zubar da abin da ya ɓoye a bayan gado, a karɓe kuɗin aljihunsa, wani lokaci a sa kwaɗo a ƙofar ɗakin, a ce ya yi kwana uku a ciki har abin ya fita daga jininsa. Daren farko ya wuce da zufa da juye-juye. Dare na biyu ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki. Na uku ya fara ihu yana cewa macizai sun cika ɗakin. A nan fassara ke karkacewa. A wani gida a ce iskokai ne, a nemo mai ruƙiyya. A wani a ce aljanin giya ne ke fita, a kira masu addu'a su kwana suna yi. Ban raina addu'a ba, kuma babu wanda ya hana a yi ta a bakin gadon asibiti. Amma abin da ke gabansu ciwo ne mai suna da magani, kuma kowace awa da aka ɓata tana da tsada. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Sun ga ɗan'uwansu na nishi a ƙarƙashin kaya, suka fizge masa da iyakar ƙaunarsu.

Akwai kuma waɗanda ake kaiwa gidajen mari. Da 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, duniya ta yi magana a kan duka da azabtarwa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne hatsarin kwanakin farko ga mashayin giya da aka ɗaure a wurin da babu likita, babu magani, babu wanda ya san cewa jijjigar da yake yi ba taurin kai ba ne.

Abin da ke faruwa a ɗaki ɗaya ya taɓa faruwa a kan jiha guda. A watan Maris na 2020, da Indiya ta rufe ƙasa saboda korona, shagunan giya suka rufe dare ɗaya. A jihar Kerala asibitoci suka fara karɓar masu rawar jiki da ruɗewa, aka kuma ruwaito mutanen da suka kashe kansu cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin jihar har ta ce a riƙa ba wa irin waɗannan mutane giya bisa takardar likita, ƙungiyar likitoci ta ƙi amincewa, babbar kotun jihar ta dakatar da umarnin. Likitocin ba cewa suka yi a bar mutanen su mutu ba. Cewa suka yi akwai hanyar da ta fi, a kawo su asibiti.

Ni ma a nan na tsaya. Hannun da ya fi iya kama bakin daron shi ne na ma'aikacin lafiya. Tun da aka fito da magungunan kwantar da jijiyoyi irin su Librium a 1960 da Valium a 1963, jinyar wannan hali ta canza. Likita yakan ba da magani da ke zama a gurbin giyar a ƙwaƙwalwa, ya riƙe nauyin, sannan a riƙa rage shi kullum har ya ƙare, galibi cikin mako guda zuwa kwana goma. Ana auna bugun zuciya da hawan jini, ana duba rawar hannu, ana ƙara ruwa in jiki ya bushe. Saukewa ce dai mataki-mataki, sai dai da abin da aka san awonsa, a hannun wanda ya san lokacin da zai ƙara da lokacin da zai rage. Jos ba ta rasa wuraren zuwa ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma daga Dutse Uku ba tafiya ce mai nisa ba. Ga Asibitin Ƙwararru na Filato a cikin gari, ga asibitin Jankwano, ga cibiyar kula da masu shaye-shaye a Asibitin Kirista na Vom. A Jos ne ma Farfesa Isidore Obot ya kafa cibiyar binciken shaye-shaye ta CRISA a 1990. Masaniya kan wannan ciwo ta daɗe a Jos. Isarta cikin lunguna ce ta yi jinkiri.

Na san abin da ke hana mutane zuwa. Na farko kuɗi. Na biyu kuma, wanda ya fi shi nauyi, kunya: kada a ce an gan ka a "sashen mahaukata". Ga wanda ya fito daga gidan Musulmi kunyar ninki biyu ce, don shi a ɓoye ma yake sha, yana tsallaka unguwa ya je inda ba a san shi ba, ya dawo yana tauna goro ko citta. Irin wannan mutum ne azumi kan kama. Ya yi niyyar tuba ranar ɗaya ga wata, ya yanke gaba ɗaya, a kwana na biyu ya faɗi a sahu, kowa ya ce yunwa ce ko hawan jini, shi kaɗai ya san gaskiya kuma ba zai faɗa ba. Haka ɗan'uwansa Kirista da ya ɗauki alkawari a gaban fasto a farkon azumin kwana 40. Wani kuma ba shi ya zaɓi dainawar ba: hatsarin Keke ya kwantar da shi a asibiti da karayar ƙafa, ko an tsare shi a caji ofis, sai a rana ta uku ya rikice, mutane su yi ta mamakin abin da ya haɗa karaya da hauka.

Masu karatu da yawa za su tuna cewa haramcin giya a Musulunci ma a matakai ya sauka: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta nuna cutarwarta ta rinjayi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta raba maye da salla, sannan aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe ƙofar. Malamai sun haɗu a kan cewa hukuncin ƙarshe shi ne ke aiki, kuma ba ni da niyyar buɗe wa kowa ƙofar da aka rufe. Abin da nake so liman da fasto su riƙe shi ne wannan: hanyar asibiti ita ce ke ba mai tuba damar cika rantsuwarsa tun daga ranar da ya yi ta, ba tare da ya sake kurɓa ba, ba tare da ya jefa ransa a halaka ba. Malamin da mashayi ya zo wa da kuka, in ya yi masa nasiha ya kuma ce, "Tashi mu je a duba ka," ya haɗa masa gyaran lahira da tsaron rai.

Sai tambayar da ba za a kauce mata ba. Wanda ba zai samu gado a asibiti yau ba fa, ko wanda abin nasa bai yi tsanani ba, zai iya ragewa a gida da ita kanta giyar? Ana yi, kuma cibiyoyin jinya a Ingila suna ba da shawarar hakan ga masu jiran layi, don ya fi yankewa kwatsam aminci. Amma akwai waɗanda sam bai kamata su gwada ba: wanda ya taɓa yin jijjiga ko gane-gane a wata dainawar da ta gabata, mai farfaɗiya, mace mai ciki, wanda idonsa ya yi rawaya ko cikinsa ya kumbura, mai ciwon zuciya ko sukari, tsoho, mai haɗa giya da ƙwayoyi irin su taramol ko maganin barci, wanda ke tunanin kashe kansa, da wanda ke kwana shi kaɗai. Yawan abin da ake sha ma ma'auni ne. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar a 2011 cewa mai shan abin da ya haura awo 15 a rana yana bukatar a duba shi a taimaka masa da magani, wanda ya haura 30 kuma a kwantar da shi. In aka juya lissafin zuwa kwalabenmu, awo 15 shi ne manyan kwalaben giya biyar masu santilita 60, awo 30 kuma kwalba goma ne, ko cikakkiyar kwalbar barasa mai zafi guda ta santilita 75. Mutum ya ƙirga nasa tsakaninsa da Allah.

Ga wanda ya rage bayan an tace waɗannan, tsarin ba shi da ado. Da farko a san nauyin kayan. 'Yan kwanaki ana rubuta abin da aka sha da lokacin da aka sha shi, ba ƙari ba ragi, don yawancin mashaya ba su taɓa ƙirgawa ba, kuma in sun kintata ƙasa suke kintatawa. Sannan a tsayar da adadi ɗaya, a rarraba shi a yini, a daina yi masa shan gaba ɗaya da dare. Daga nan a fara cire kusan kashi ɗaya cikin goma duk bayan 'yan kwanaki. In rawar hannu da zufa suka tsananta, saurin ya yi yawa, a tsaya a matakin da ake har jiki ya daidaita. Abin da ake nema a sha shi ne daidai wanda zai hana karkarwa. Da zarar an ji daɗin maye, an wuce gona da iri. Kuma kwalaben su zauna a hannun wani, mata ko ƙane ko aboki na gaskiya, shi ke miƙowa a kan lokaci, shi ke riƙe da takardar. Babu tuƙi a waɗannan kwanaki, babu hawa gini, babu aikin inji.

A nan ne goskolo ke ɓata lissafi. Kwalbar kamfani an rubuta ƙarfinta a jiki, yawanci kusan kashi 5 cikin 100, kuma ta yau daidai take da ta gobe. Burkutu ƙarfinsa na bin hannun mai dafawa da daɗewarsa a tukunya, ƙwaryar safe daban da ta yamma. Goskolo kuwa, wanda ya cinye samarin Jos da yawa har gwamnatin jiha ta ayyana haramta shi, haɗe-haɗe ne da ko mai sayarwa ba zai iya gaya maka abin da ke ciki ba. Ba a iya cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ba a san yawansa ba. Ga kuma hatsarin gubar metanol a irin waɗannan haɗe-haɗe, wadda ke makantarwa tana kisa. A 2015 ta kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan ta kashe gommai a jihar Ribas. Giyar leda da ƙananan kwalabe, waɗanda hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinsu a watan Fabrairun 2024, su ma ƙanƙantarsu ke ruɗin mutum: ya tsotse goma a yini yana cewa bai sha komai ba. Wanda waɗannan ne abin shansa, a ganina asibiti kawai ya dace da shi.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a je kemis a sayo Valium a ce ai shi likita ke bayarwa. Maganin da giya duk danne numfashi suke yi. In suka haɗu a jiki babu mai sa ido, mutum kan kwanta barci ya zarce. Wanda ya tsira kuma sau da yawa yakan tashi da sabon kaya a ka, don shi ma maganin ana sabawa da shi, barinsa kwatsam yana kawo jijjiga.

Dole in faɗi raunin ragewa a gida, don yana da girma. Abin da ake so mutum ya auna shi ne abin da ke lalata masa iya aunawa. Kwalbar farko tana sassauta niyyar da aka ɗaura da safe, ta uku ta kwance ta. Mutane da yawa sukan fara da kyau, su kai rabi, su tsaya a nan watanni suna cewa "ai ina ragewa". Mai kaya ba ya zama a durƙushe da daro a ƙirji. Wannan tsayuwar ta fi kowace gajiyarwa, ƙarshenta ko a ƙarasa ƙasa ko a mayar ka. Saboda haka tun ranar farko a sa ranar gamawa, a rubuta ta. In ranar ta zo ta wuce sau ɗaya, sau biyu, ba a kai ba, wannan ba abin zagi ba ne; alama ce cewa kayan ya fi ƙarfin hannun gida. Ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta AA, wadda aka kafa a Akron ta Amurka, tana ƙirga haihuwarta daga 10 ga Yunin 1935, ranar da Bill Wilson ya miƙa wa abokinsa likita Bob Smith kwalbar giya ɗaya don hannunsa ya daina rawa ya iya yin tiyata. Ita ce ta ƙarshe da ya sha har ya mutu. Abin lura a labarin shi ne akwai wanda ya miƙo, kuma guda ɗaya ce.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a yi abin da kyau tun karon farko. Likitoci sun lura cewa duk dainawar da aka yi da ƙarfi aka koma, ta gaba takan fi ta muni. Wanda ya tsira da rawar hannu bara, bana yana iya yin jijjiga. Ƙwaƙwalwa ba ta manta fizgar da aka yi mata. Don haka mutumin da ya yi rantsuwa sau biyar ya karya, wanda gida suka gaji da shi suna cewa ba shi da zuciya, shi ne ya fi kowa bukatar likita a karo na shida.

Sai abinci, wanda ake yawan mantawa. Mai shan giya sosai cikinsa a cike yake da ruwan da ba ya gina jiki, kuma barasa na hana hanji tsotsar sinadarin bitamin B1. Ƙarancinsa na taɓa ƙwaƙwalwa: ido ya riƙa rawa ko ya ga abu biyu-biyu, tafiya ta karkace, tunani ya dagule. Carl Wernicke ya bayyana wannan ciwo a 1881. In aka yi jinkiri yakan bar mutum da mantuwar da ba ta warkewa, ya kasa riƙe abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce. Shi ya sa a asibiti ake yin allurar bitamin ɗin tun da wuri. A gida, a nemi ƙwayarsa ta hannun ma'aikacin lafiya, a kuma matsa wa mutum ya ci ko kaɗan-kaɗan ne: wake, kunun gyaɗa, gwaten acca da ganye, ƙwai, kifi. Ruwa da yawa, da ruwan gishiri da sukari in ana amai. Shayi mai kauri da kofi da goro a rage su, suna ƙara bugun zuciya suna kore ɗan barcin da ya rage. Masu cewa sanyin Jos ne ke sa su sha kuma, su sani ɗumin nan na fata ne kawai. Barasa buɗe jijiyoyin jini take yi zafin jiki ya fice, shi ya sa wanda ya kwana a waje cikin maye lokacin hunturu yake cikin hatsari.

Wanda ke riƙe da takarda ya san inda aikinsa ya ƙare. Jijjiga ko sau ɗaya, gane-gane ko jin muryoyi, rashin sanin rana ko wuri, zazzaɓi mai zafi, aman da ya ƙi tsayawa, aman jini ko baƙin bayan gida: ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. In mutum ya faɗi yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja.

Bayan an sauke, wuya ba ya daina ciwo ranar. Makonni kan wuce barci bai daidaita ba, rai na ɓaci ba dalili, yamma ta yi tsawo saboda lokacin da aka saba zama a mashaya ya zama fili. Kuma abin da giyar ke rufewa yakan fito. Dutse Uku ta ga abubuwa: a nan rikicin 17 ga Janairun 2010 ya faro, bayan na 2001 da na 2008, kuma kafin shekarar ta ƙare bam ya tashi a maƙwabciyarta Unguwar Rukuba a jajibirin Kirsimeti. Yaran da suka ga wannan da idonsu yau magidanta ne, a ɓangarorin biyu, Musulmi da Kirista, kuma wasunsu ba su taɓa samun wanda suka zauna suka gaya wa abin da suke gani in sun rufe ido ba. Ba kowane mashayi ne ke da irin wannan dalili ba, wani rashin aiki ne, wani abokai ne, wani a gida ya tashi ya tarar. Amma wanda yake da shi, in aka raba shi da kwalba aka bar shi da mafarkin, zai koma. Wannan ma aikin sashen da ake jin kunyar shiga ne: akwai masu sauraro da horo, akwai magungunan rage sha'awar giya irin su naltrexone da likita kan rubuta bayan an gama saukewa, akwai zama da waɗanda suka bi hanyar suka fita.

Ranar da aka kai mutum asibiti, wanda ya raka shi ya ajiye rufin asiri a bakin ƙofa. Sau da yawa ma'aikaciyar jinya kan tambaya ko yana sha, ɗan'uwa ya yi sauri ya ce, "A'a, sista, ɗan kaɗan ne, wani lokaci." Da wannan amsa ake sa likita neman zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau alhali ciwon na gabansa. A faɗi abin da yake sha, a faɗi yawansa a rana, a faɗi ko ya taɓa faɗuwa a baya da irin ƙwayoyin da yake haɗawa. A kuma yi ƙoƙari a tuna ƙarfe nawa ya yi kurɓar ƙarshe, domin daga wannan lokacin likita zai fara ƙirga awoyin da hatsari ke tafe a cikinsu.